Lallen da Na Ƙunsa wa Habsu

Jikata ta mayar da barandar gidana wurin gyaran farce, ni kuwa ban hana ta ba. Da hantsi, in ta gama wanke-wanke, sai ta fito da wani ƙaramin akwati cike da kwalabe kamar na mai sayar da turare, ta jera su bisa tabarma, ta jingina wayarta a jikin buta tana kallon hannun wata mata da ba ta san ƙasarsu ba, tana kwaikwayo. Ƙawayenta suna zuwa bisa kabu-kabu daga unguwannin Ƙwanni, wasu ma daga tsallaken iyaka. Akwai farcen roba da ake mannawa da gam, akwai ƴan duwatsu masu ƙyalli da ake ɗauka da tsinke, akwai wata ƴar fitila mai shuɗin haske da ake cusa yatsu a cikinta don fenti ya bushe. Warin abin yana hawa kai kamar na gareji. Suna yi ne a kwanakin da suke fashin salla, in kwanakin sun cika a kankare komai a zubar. Yarinyar ta iya, hannunta ba ya rawa, kuma na san inda ta gado shi. Amma in na zauna ina kallonsu ba kyan abin nake gani ba. Farcen da aka rufe nake gani, wanda ba mai iya sanin halin da yake ciki.

Aikin ungozoma na yi wa gwamnati har na tsufa, kuma aikin ya yawata da ni. Na zauna Agadas, inda shunin tufafi ke rina hannuwan matan Buzaye. Na zauna Difa cikin Barebari masu son lalle ya yi duhu har ya kusa baƙi. Na yi Yamai, an tura ni ƙaro ilimi Dakar, a Makka kuma na ga matan Sudan da furanni tun daga yatsu har gwiwar hannu, na tsaya ina kallo kamar baƙauya. Ko'ina na je, a kowane harshe, akwai magana ɗaya da nake fara koya kafin in iya tambayar kuɗin gishiri: ki bar mini farce ɗaya. Na faɗe ta da Zabarmanci, da Buzanci, da Barbarci, da Faransanci. Dalili kuwa, in ka danna farcen mai ciki ka saki, shi ke gaya maka ko tana da jini ko ba ta da shi. Mai jini farcenta ja ne, ka danna ya yi fari, ka saki ya dawo nan take. Wadda jininta ya ƙare nata fari ne tun ba ka taɓa ba, kuma ita ce haihuwa ke ɗaukewa da zubar jinin da wata mace za ta tashi ta share ta ci gaba da daka. Mata suna yi mini dariya, suna cewa madam ba ta son ado. Ba su san ni ce mai ƙunshin unguwarmu ba tun ban isa aure ba.

Ƙauyenmu yana cikin kwarin Badagishiri. Abin da kunnena ya fi riƙewa daga can shi ne ƙarar guga tana bugun bakin rijiya a garaken albasa, da luguden mata da hantsi, da gurnanin motocin siminti na Malbaza in suna hawan tudu za su Tawa. A lokacin motocin sababbi ne a idonmu, yara har gudu suke zuwa bakin hanya su ƙirga ƙafafunsu. Lalle ba a kanti muke sayensa ba. Kowace garka tana da ƴan itatuwanta a bakin shinge, a tsinko ganye a shanya a inuwa, don Inna takan ce wanda rana ta busar ba ya kamawa. A daka, a tankaɗe da rariyar gashi, a kwaɓa da ruwan tsamiya, a bar shi ya kwanta. Mai ƙunshi ta cusa hannu a zunguru, dogon ƙoƙon duman nan, ta zauna wuni guda ba ta iya korar ƙuda daga fuskarta. Sai an ba ta ruwa a baki, sai an sosa mata baya. Shi ya sa ba a ƙunshi da wanda ba a shiri da shi. A zaman nan ake jin wa ke da ciki, wa mijinta ya daina aike daga Abijan, wa ta gaji. Yanzu fitilar jikata tana gama aikin kafin shayi ya tafasa, kowace ta hau mashin ta tafi da abin da ke ranta.

Ni abin da ya sa aka san ni shi ne zanen farce. Sauran mata dulmuya yatsa suke gaba ɗaya. Ni kuwa na gano in na tsaga ganyen kaba siri-siri da reza, na shafa masa ƙaro na manna bisa farce kafin a ɗora lalle, in an wanke sai wurin ya fito fari tsakanin ja. Ina yin tsani, ina yin gicciye, ina ɗiga ƙaro da ƙaya ya fito kamar gashin zabuwa. Amare har daga Illela ake kawo mini. Ga shi kuma ni kaɗai ce mace daga gidanmu da aka sa lakwal, wato makarantar boko, ana kirana ƴar lakwal, rabi yabo rabi zolaya. Kaina ya yi girma ƙwarai a shekarun nan, gara in faɗa.

Habsu yayata ce, ita ce ɗiyar fari. Wanda bai zauna cikinmu ba zai yi wuya ya gane abin da wannan ke nufi a wancan zamani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane, in ta yi a ce ba ta da kunya, har a yi ta yi mata habaici a bakin rijiya. Ana yaye Habsu aka kai ta wurin gwaggonmu a Illela, can ta girma, can aka yi mata aure da Isuhu, wani mai fara'a da ke aikin ɗaukar buhu a gidan siminti na Malbaza. In ta zo gida Inna ba ta cewa Habsu. Sai ta dubi bango ta ce a ba baƙuwarku ruwa, ko ta ce mutuniyar Malbaza ta ci abinci kuwa? Mu yara dariya abin yake ba mu. Ban taɓa tambayar kaina ko ita Habsu yana ba ta dariya ba.

Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi, don ta haihu ɗakin uwarta a yi mata wankan jego. Inna ta fara tara itace tun da wuri, ta jibge shi bayan rumbu har ya fi ni tsawo. Amma Habsun da ta sauko daga mota ba ita ce na sani ba. In ta taso daga rijiya da ɗan ƙaramin tulu sai ta tsaya sau uku tana haki. Ƙafafunta sun kumbura. Tana ɓoye farar ƙasa a bakin zane tana gutsura. In ta tashi tsaye da sauri sai ta dafa bango. Kowa ya ce nauyin ciki ne, na fari haka yake.

Ana saura kwana biyu kasuwar Badagishiri ta ci ta kira ni gindin bedi, dogonyaron gidanmu, ta ce in yi mata ƙunshi. Ranar kasuwa likita yakan zo da mota ya duba masu ciki a wata rumfa, Isuhu kuma ya aiko cewa lalle a kai ta. Na ɗauko kabata da rezata ina murna, don ban taɓa yi mata ba. Na kama hannunta na juya. Faratanta fari fat suke kamar cikin sabuwar ƙwarya, tsakiyarsu ta lotsa kamar cokali. Bai fi wata biyu ba da Mushe, malaminmu, ya sa muka danna faratan juna a aji, ya ce duk wanda kuka ga nasa fari ku gaya wa likita.

"Rufe duka," ta ce. "Kar ki bar fari ko kaɗan."

Na ce mata ai Yaya adon a farin yake.

"Farin ya ishe ni. Ke ƴar lakwal, kina tsammani ni ban da ido?"

Na fara gaya mata abin da Mushe ya ce. Ta damƙe wuyan hannuna, na ji tafinta da sanyi duk da zafin ranar. Ta ce ta sani, wata maƙwabciyarta a Malbaza haka nata suka yi, likita ya gani ya sa aka wuce da ita Ƙwanni, can ta haihu cikin baƙi, namiji yana tsaye kanta. Na ce amma ta rayu ko? Ta ce ta rayu, ba wannan take magana ba. Ta dubi wajen madafa, inda Inna ke tsaye ta ba mu baya tana tankaɗe, ta rage murya.

"Tun da anka yaye ni Inna ba ta taɓa jikina ba. Ke kullum kanki na bisa cinyarta ana miki kitso. Ni kwana arba'in ɗin nan nike jira. Ita za ta dafa ruwa, ita za ta yi mini wanka da hannunta, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Kin ga itacen can? Nawa ne. In sunka tafi da ni Ƙwanni wa zai yi mini? In kin faɗi, ba ni ba ke."

Na ajiye kabar. Na kwaɓa lallen da kauri, na ƙara tsamiya, na lulluɓe yatsunta goma har gaɓa ta biyu, na rufe tafin hannun ma, na sa mata zunguru. Na zauna wuni ina ba ta fura a baki tana ba ni labarin Malbaza, yadda ƙurar siminti ke kwanciya bisa shanya, yadda Isuhu ke dawowa fari tun daga gira kamar an tona shi. Ta yi dariya sosai ranar. Da la'asar Inna ta gitta ta gabanmu da ƙwarya, ta ɗan tsaya, ta ce da itacen bedi a gaya wa baƙuwarku ta koma inuwa, rana ta juyo. Da aka wanke, lallen ya kama irin kamun da ban taɓa samu ba, ja mai duhu kamar ɓawon goro. Mata suka yi ta zuwa gani suna cewa yau ƴar lakwal ta manta da tsaninta.

Ranar kasuwa Inna ta ce in raka ta. Likitan Bazabarme ne, dogo, Hausarsa ba ta wuce zo, zauna, ina ciwo ba. Da layi ya zo kanmu ya ji na gaishe shi da Faransanci sai fuskarsa ta saki, ya ce in tsaya kusa in yi masa tafinta. Ya kama hannun Habsu, ya juya, ya danna farce, ya yi tsaki. Ya kai yatsa zai ja fatar idonta ya duba ciki, ta kau da kai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sake gwadawa ta sunkuya har goshinta ya kusa gwiwa. Matan da ke layi suka fashe da dariya, wata tsohuwa ta ce haba likita, cikin fari ne fa, ko mijinta yanzu sai da dabara yake ganin idon nan. Bayanmu akwai mata sun fi ashirin, rana ta take. Sai ya juyo gare ni. Ya yi magana a hankali, da harshen da duk rumfar ni da shi kaɗai muke ji. Ya ce fuskar matar nan ba ta yi masa ba. Ya ce ke kika san hannunta kafin lalle, yaya launin faratanta yake? In fari ne ki gaya mini, akwai wuri a mota, yau zan wuce da ita Ƙwanni, a yi mata allurai, ta haihu kusa da inda ake ƙarin jini.

Habsu ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta san abin da ake tambaya. Ta ƙarƙashin mayafi na ji ta taka mini ƙafa. Babban yatsana na dama ba lalle, don da shi nake riƙe alƙalami kuma Mushe ba ya so. Na ɗaga shi na nuna wa likita na ce kamar wannan suke. Ya dube ni ɗan lokaci. Ya ba ta ƙwayoyin zazzaɓi a takarda, ya ce ta riƙa cin hanta da ganye. Sannan ya ce Faransancina ya yi kyau, kar in bari a cire ni daga lakwal. Abin da na fi jin kunyarsa har yau shi ne, da muka fito daga rumfar, wannan yabon ne ya cika mini ciki. Habsu ta saya mini rake muka taho muna sha, tana tsayawa tana hutawa a kowace inuwa.

Bayan mako biyu farce ya tofo, farin ya fara leƙowa daga gindi siriri. Ta sake kirana gindin bedi, na sake rufewa. Wannan karon ba ta ma roƙe ni ba, hannu kawai ta miƙo.

Naƙuda ta kama ta da sassafe wata ranar da ake cirar albasa. Ba ta yi ko uhum ba, tsofaffin da ke ɗakin suna ta yaba mata. Kafin azahar ta haifi namiji, aka yi guɗa. Sai jini ya biyo. Na ga zanen da aka fitar, kuma daga baya, cikin aikina, na ga mata da yawa sun zubar da fiye da haka sun tashi sun ɗaura ɗankwali. Ita ba ta da na zubarwa ne kawai. Ta ce tana jin sanyi, ta ce an rufe ƙofa ne, duhu ya yi yawa. Baba ya ruga bakin hanya ya tare wata motar siminti da ta juyo wayam daga Tawa, direban ya san Isuhu, ya ce zai jira. Aka ɗora ta bisa amalanke. Ba a kai ga ƙarshen garake ba aka juyo da jakin.

Inna ta riga ta ɗora babbar tukunya tun da ta ji kukan jariri, ruwan wankan farko yana tafasa. Shi aka sirka don wankan gawa. Da mata suka tashi za su shiga, ta ce su dakata, ita za ta yi, mutum ɗaya ta zo ta zuba mata ruwa. Ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. Ba ta yi kuka ba, ko ranar ko bayanta, a gaban kowa. Yaron ta ɗauka ta raina da nonon akuya, shi kam tana kiran sunansa tun daga safe har dare, tana yi masa waƙa, tana ce masa mijina. Itacen bayan rumbu muka yi ta girki da shi har damina ta faɗi.

Duk wannan ya wuce yanzu. Garaken an sa musu inji, ba a jin guga. Zunguru sai dai in kwatanta wa yara da hannu. Ɗiyata tana kiran ɗanta na fari da sunansa tsakiyar kasuwa, tana rungumarsa a ɗauke su hoto, in ya yi atishawa ta kira ni a waya. A Dakar na fara ganin irin haka, na ce waɗannan ba su da ta-ido, ashe gida zai biyo ni. Ban san me zan ce ba. Kunyar nan ita ce ta yi mana tarbiyya, ita ta sa gida yake da nauyi, kuma ina kewar matan da suka iya ta, masu faɗin magana guda da gefen ido. Amma na san abin da ta ci a gidanmu. In na ce a dawo da ita na yi ƙarya, in na ce ban yi kewarta ba ma na yi ƙarya.

Ban gaya wa kowa ba sai da Inna ta tsufa ƙwarai, na ɗauko ta daga ƙauye na kawo ta nan Ƙwanni. Idonta ya yi rauni, ni nake yanke mata farce. Wata safiya muna zaune, hannunta cikin nawa, sai na ji maganar ta fito da kanta. Na gaya mata duka, gindin bedi, da rumfar likita, da wurin da ya ce akwai a mota, da yatsan da na ɗaga. Na ce Inna, ni na rufe, ni kuma na yi ƙarya, ki yafe mini.

"Na gani," ta ce. "Tun ranar da ta sauka ta miƙo mini tsaraba na gani. Kullum ta karɓi ƙwarya ina gani. To in buɗe baki in ce mi? In je wurin ubanku in ce ɗiyata ba ta da lafiya? Na yi ta jira wani ya faɗi, in ce to, ku kuka sani. Gwaggonku ba ta zo ba. Sai na ce ƴar lakwal tana da baki, tana jin maganarsu. Shi ya sa na ce ki raka ta."

Na ajiye rezar yanke farcen. Ta ce ranar kasuwar tun hantsi ta ƙulle wa baƙuwar kayanta a zane ta ajiye bayan ƙofa, da tabarma da ƴar tukunya, don in an aiko cewa mota ta wuce da ita, ta bi su a ta gaba, ta yi mata wankan a can ko da bayan asibiti ne. Da ta hango mu mun taho muna shan rake, sai ta shiga ta kwance ƙullin kafin mu iso.

Na jira. Na ce a raina yanzu kam za ta kira sunan, mu biyu ne kaɗai, ba wanda ya rage da za a ji wa kunya. Bakinta ya ɗan motsa. Sai ta zare hannunta daga nawa, ta miƙo mini ɗayan.

"Saura wannan," ta ce. "Ki bi a hankali, kina kai wa nama."